Yadda ake rubuta rahoton sabuwar manhaja a Apache Incubator

Duk aikin manhaja da aka karɓa a Apache Incubator, sashen da Gidauniyar Apache ta kafa a 2002 don renon sababbin ayyuka masu buɗaɗɗen kod (wato kowa na iya ganin rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi), yana shiga ne da bashin rahoto a wuyansa. A watanni 3 na farko kowane wata ake miƙa shi. Bayan haka sai ya koma sau ɗaya a wata 3, kuma haka za a yi ta yi har a yaye aikin ya tsaya da ƙafarsa a cikin gidauniyar, ko kuma a rufe shi. A aikin da nake ciki ni aka fi bar wa wannan rubutu, kuma dalilinsa na karanta tsofaffin rahotannin ayyuka masu yawa. Idan kai aka ɗora wa nauyin a naku aikin, ga yadda nake bi da shi.

Ka fara da sanin wanda zai karanta. Na farko jagororinku ne, wato tsofaffin hannun Apache da aka haɗa ku da su ranar da aka karɓe ku. Sai kwamitin Incubator, wanda ake kira IPMC. Daga nan rahotonku ya shiga cikin babban rahoton Incubator, ya isa gaban daraktocin gidauniya, waɗanda ke zama ranar Laraba ta uku a kowane wata. Dukansu 'yan sa-kai ne, kowa da sana'ar da yake ci da iyalinsa, kuma a zama ɗaya rahotannin ayyuka gommai ne jibge a gabansu. Yawancinsu ba su taɓa buɗe kod ɗinku ba. Mutumin da ke cikin wannan hali bai damu da jin cewa kun ƙara wa manhajar sauri ba. Abu uku yake lalube: akwai mutane a aikin nan kuwa? Suna iya yanke shawara da kansu a bainar jama'a? Akwai abin da zai jawo wa gidauniya rigimar shari'a, ta lasisi ko ta suna? Duk layin da bai taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ba, nakan goge shi.

Lokacin miƙawa kusan mako 2 ne kafin zaman daraktoci, galibi Laraba ta farko a wata. Saƙon tuni yana zuwa da kansa ta imel, amma kada ka jira shi, ka sa ranakun a kalandarka tun farkon shekara. A cikin makonnin nan 2 ne wani ɗan kwamiti da ba jagoranku ba zai duba rahoton ya bar tsokaci, jagorori su sa hannu, shugaban Incubator ya haɗa komai ya aika. Aikin da bai kawo nasa ba, sunansa na fitowa a jerin waɗanda suka gaza, a kuma neme shi wata mai zuwa. Wanda ya kawo amma babu jagoran da ya sa hannu, shi ma akan cire shi a ce ya sake. Kuma ana wallafa bayanan zaman daraktoci kowa ya gani, ba a goge su.

Tara kaya tun da wuri

Ranar da muka miƙa rahoton wannan zango, a ranar nake buɗe sabon fayil na zango mai zuwa. Duk abin da ya faru sai in jefa layi ɗaya da kwanan wata: an zaɓi sabon mai izinin shigar da kod, an buɗe ƙuri'ar fitar da siga (wato sabuwar fitowar manhajar da ake raba wa jama'a), wani baƙo ya aiko gyaransa na farko, an gano cewa wata manhajar da muka dogara da ita tana ƙarƙashin lasisin da Apache ba ta yarda da shi ba. Fayil ɗin yana wurin da kowa a aikin zai iya ƙarawa. Wata 3 lokaci ne mai tsawo, kuma abin da mutum ke tunawa a daren ƙarshe shi ne abin da ya faru makon jiya kawai, ko abin da shi kansa ya yi.

Idan lokacin rubutu ya matso, sai in ɗauko adadi daga git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren kod. Umarnin `git shortlog -sne --since="3 months ago"` zai jero maka duk wanda gyaransa ya shiga a zangon, da yawan gyaran, da adireshinsa na imel. Adireshin nan nake fi kallo, domin sau da yawa shi ke nuna inda mutum yake aiki. Sai in ƙirga matsalolin da aka shigar da waɗanda aka warware, da gyare-gyaren da aka aiko suna jiran a duba su, da kwana nawa mafi daɗewarsu ya yi. Adadi ba ya amfani sai an ajiye shi kusa da na baya. Idan ka rubuta cewa mutum 9 suka aiko gyara, mai karatu bai san ko ya yi murna ko ya damu ba. Idan ka ce 9 ne, a zangon baya 5, kuma 3 daga cikin sababbin ba ma'aikatan kamfanin da ya ba da kod ɗin ba ne, ka faɗi magana.

Tambayoyin fom ɗin

Akwai tsayayyen fom da kowane aiki ke cikewa a shafin wiki na Incubator, wato shafin intanet da ake rubutawa da gyarawa tare. Yana farawa da bayanin manhajar da ranar da ta shiga reno. Jimla 2 sun isa, a rubuta su yadda wanda ba ɗan fagen ba zai gane, a riƙa maimaita su kowane zango.

Sai abubuwa 3 mafi muhimmanci da suka rage kafin yaye. Nan ne zuciyar rahoton, nan ne kuma aka fi yin kasala. Za ka ga an rubuta: gina al'umma, fitar da siga, ƙara masu amfani. Ka duba rahoton zangon baya, su ne. Ka duba na bara, su ne, ko waƙafi bai canza ba. Ɗan kwamitin da ya ga haka ya gane cewa kwafowa aka yi, kuma zai fara tunanin ko akwai mai kula da aikin ma. Kowane ɗaya daga cikin ukun ya zama abin da za a iya cewa an gama shi ko ba a gama ba. A ce masu izinin shigar da kod ɗinku 6 ne, duk ma'aikatan kamfani ɗaya. Ka rubuta hakan ƙarara, ka ƙara da cewa akwai mutum 2 daga waje da suke ta aiko gyara tun watanni 4, kuma kuna sa ran tattauna ba su izini kafin rahoto na gaba. A ce wani ɓangare na manhajar ya dogara da kod mai lasisin GPL, wanda Apache ta sa a rukunin da ba a haɗa shi cikin abin da ake rarrabawa. Ka faɗi wane ɓangare ne, wa ya ɗauki aikin maye gurbinsa, ina ya kai. Idan rahoto na gaba ya zo, ko abin ya sauka daga jerin, ko ka bayyana abin da ya tsayar da shi.

Maganar kamfani ɗaya ba ƙaramar magana ba ce. Ƙa'idar yaye ta nemi a samu aƙalla masu izini 3 da ba su ƙarƙashin mai gida ɗaya, kuma kada rayuwar aikin ta rataya a kan wani kamfani. Kusan duk manyan ayyukan da muka sani daga gida ɗaya suka taso. Kafka daga LinkedIn ya fito, ya shiga reno a Yulin 2011, aka yaye shi a Oktoban 2012. Spark daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya shiga a Yunin 2013, ya fita a Fabrairun 2014, wata 8 ke nan. Airflow na Airbnb ya shiga a Maris 2016, sai farkon 2019 aka sanar da yayensa. Fineract, manhajar gudanar da bankunan ba da ƙananan rance wadda ta samo asali daga wani aikin manhaja mai suna Mifos, ta shiga a Disambar 2015 ta fita a Afrilun 2017. Shi kuwa Wave, wanda Google ta miƙa a ƙarshen 2010, ya yi shekara 7 a reno aka rufe shi a Janairun 2018, saboda bai tara isassun mutanen da za su riƙe shi ba. Ba a ɗibar wa kowa wa'adi, abin da ake bi shi ne ko jama'ar aikin na ƙaruwa, ko kuwa raguwa take yi. Rahotannin waɗannan ayyukan duk suna nan a bayanan zaman daraktoci, kuma manhajar Whimsy ta gidauniyar tana jero su aiki-aiki. Ina ba ka shawara ka zauna ka karanta na Spark da na Wave a jere, daga farko har ƙarshe, kafin ka rubuta naka na farko.

Yadda al'umma ta ci gaba

Wannan tambaya ita ce ta fi kowacce nauyi a wurin masu karantawa, don a Apache al'umma ke gaban kod. Yawan taurarin yabo da kuka samu a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ba amsa ba ne, haka ma yawan saukewa. Wanda ya danna tauraro ya wuce abinsa. Abin da ake so a ji: sababbin mutane nawa suka aiko gyara, nawa suka dawo da na biyu, wa yake amsa tambayar baƙo kuma bayan kwana nawa, wa ya jagoranci fitar da sigar ƙarshe, shin mutum ɗaya ne kullum ko an fara karɓa-karɓa. Idan an yi saɓani a kan wata shawara ta fasaha, aka tattauna a fili har aka daidaita ba tare da jagorori sun shiga ba, wannan labari ne mai daraja, ka ba shi jimla 2 ko 3. Shi ne shaidar cewa kun fara iya mulkin kanku.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mu nan mun saba komai a rukunin WhatsApp ake gama shi, ko a kira waya a daidaita cikin minti 5. Yana da sauri, amma wanda ke Indiya ko Brazil yana son shiga aikin ba zai taɓa sanin dalilin da ya sa aka zaɓi wannan hanya aka bar waccan ba. Ƙa'idar Apache ita ce shawarar da ba a yanke a jerin wasiƙun imel na aikin ba, inda kowa ke gani kuma ake adanawa, kamar ba a yanke ta ba. To idan har yanzu kuna fama da wannan ɗabi'a, ka rubuta ta a rahoto, ka faɗi matakin da kuka ɗauka, misali duk abin da aka tattauna ta waya ana kawo taƙaitawarsa a fili a ba mutane sa'o'i 72 su ce wani abu. Jagorori sun riga sun lura idan wurin tattaunawa shiru ne amma kod na ta shiga. Gara su ji daga bakinku.

A nan ne nake ganin tarbiyyarmu take yi mana cikas. An koya mana in an ce yaya jiki a ce da sauƙi, ko da mutum bai runtsa ba daren jiya, kuma wannan ladabi ne mai kyau a gaisuwa. Amma mai karanta rahoto likita ne a wannan zaman, ba mai gaisuwa ba, in ka ce masa da sauƙi zai sallame ka ba magani. Idan zangon ya wuce babu sabon mutum ko ɗaya, ka ce babu. Idan mutum 2 da suka fi kowa aiki sun canza wurin aiki sun daina leƙowa, ka faɗa. Ban taɓa ganin an rufe aiki don ya faɗi rauninsa ba. Abin da nake gani shi ne wani ɗan kwamiti ya ba da shawara, ko a ƙaro jagora. Waɗanda ake rufewa su ne masu cewa komai lafiya zango bayan zango har a wayi gari babu mai rubuta rahoton.

Haka tambayar ko akwai abin da IPMC ko daraktoci ya kamata su sani. Ka rubuta "babu" ma amsa ce mai kyau idan gaskiya ce, kuma yawancin lokuta gaskiyar ce. Abubuwan da suka cancanci shiga nan kaɗan ne: kamfanin da ke biyan yawancin masu aikin ya janye su, wani yana sayar da kaya da sunan manhajarku, takardar da mai kod ɗin na asali zai miƙa shi ga gidauniya da ita ba ta iso ba har yanzu, ko kun nemi wani abu daga sashen kula da na'urorin gidauniya ya maƙale.

Siga, ranaku, da matakin girma

Ci gaban manhajar kanta a taƙaice za ka ba da shi, manyan abubuwa 2 ko 3. Jerin gyare-gyare wurinsa takardar sanarwar siga. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ranar da kuka fitar da siga ta ƙarshe, domin fitar da siga a tsarin Apache jarrabawa ce ta dukan aikin. Dole fayilolin LICENSE da NOTICE, masu ɗauke da bayanin lasisi da haƙƙin mallaka, su dace da abin da ke cikin kunshin, a sa takardar DISCLAIMER mai nuna cewa aikin yana reno, sunan kunshin ya ɗauki kalmar incubating, a sa masa hannu da makullin PGP, wato sa hannun kwamfuta mai tabbatar da cewa daga gare ku kunshin ya fito. Sai ƙuri'a sau 2: ta 'yan aikin, sannan ta IPMC, kowacce a buɗe aƙalla sa'o'i 72, kuma ana bukatar amincewar 'yan IPMC 3, masu amincewa su fi masu ƙi yawa. Idan ba ku taɓa fitarwa ba, kada ka ce kuna kan hanya kawai. Ka faɗi matakin da kuka tsaya: an gudanar da Apache RAT, manhajar da ke duba bayanin lasisi a fayiloli, ya nuna fayiloli kaza ba su da bayanin lasisi a kansu, ko an kai ƙuri'a aka dawo da kunshin saboda NOTICE. Kunshin da aka dawo da shi ba abin kunya ba ne, ayyuka da yawa sun sha haka a gwajin farko. Akwai ma DISCLAIMER-WIP da ke ba sabon aiki damar fitar da siga tare da lissafa matsalolin da bai gama gyarawa ba.

Ranar da aka zaɓi mai izini ko ɗan kwamitin aikin (kwamitinku na cikin gida da ke tafiyar da aikin, ba IPMC ba) na ƙarshe, ka rubuta ta cikakkiya, shekara da wata da rana. Kada ka ce kwanan baya. Idan ta kai shekara, ka ƙara jimla ɗaya ta bayani.

Sai wurin da za ka zaɓi matakin da kuke: kafa kayan aiki, shirin sigar farko, gina al'umma, ko dab da yaye. Ka zaɓi na gaskiya. Kafin ka ce kun kusa yaye, ku zauna ku bi ma'aunin girma da Apache ta tanada, wanda ya taɓo kod, lasisi, fitar da siga, inganci, al'umma, cim ma matsaya da 'yancin aikin, kuma a tabbatar an gama binciken sunan manhajar, don kada ya ci karo da alamar kasuwancin wani.

Tambayar jagorori

Fom ɗin yana tambaya ko jagororinku suna taimakawa kuma suna amsawa. Ga wanda ya tashi da girmama na gaba, wannan tana da nauyi a baki. Amma an sa ta ne domin an san jagorori mutane ne, aiki kan sha kansu su ɓace. Ba sai ka zargi kowa ba, ba kuma sai ka kama suna ba. Ka ce cikin jagorori 3, ɗaya ne ya sa baki a wannan zango, kuma ƙuri'ar sigarku ta jira mako 2 kafin ta samu amincewa ta uku, don haka za ku yi maraba da ƙarin jagora. Kafin ka rubuta haka, ka aika musu saƙo tukuna, cikin ladabi, ka tambaya ko har yanzu suna da lokaci. Wani zai ce a sauke masa nauyin, kuma hakan alheri ne ga kowa. Idan kuwa suna ƙoƙari, ka faɗi takamaiman abin da suka yi, ya fi godiya ta baki kawai.

Abu uku ba sa shiga rahoto, tunda kowa na iya karanta shi: ɓarakar tsaro da ba a riga an toshe ta an sanar ba, sunan wanda ake tattauna ba shi izini kafin ƙuri'a ta kammala ya kuma amsa, da rigima tsakanin mutane da sunayensu. Waɗannan akwai hanyar sirri ta kwamiti da ake bi da su.

Kafin a miƙa

Da Turanci ake rubuta rahoton, amma yawancin masu karantawa da masu rubutawa ba harshen uwarsu ba ne, don haka gajerun jimloli sun fi burgewa. Babu mai ba ka maki a kan manyan kalmomi. Ni nakan fara tsara maganar a raina da Hausa, kamar ina yi wa wani dattijo bayanin inda aka kwana, abin da ya tsira daga wannan bayani shi nake rubutawa. Duka rahoton kada ya wuce abin da za a karanta cikin minti 2.

Ka kai daftarin gaban 'yan aikin aƙalla kwana 3 kafin ranar miƙawa. Rahoton na kwamitin aikin ne gaba ɗaya, kai mai riƙe alƙalami ne kawai, kuma kusan kullum wani zai tuno abin da ya wuce ka, kamar jawabin da ya yi a wani taro ko sabon kamfanin da ya fara amfani da manhajar. Bayan ka saka shi a wiki, ka sanar da jagorori kai tsaye cewa yana jiran sa hannunsu, in kwana 2 suka wuce shiru ka sake tuni. Kuma kada alƙalamin ya daɗe a hannun mutum ɗaya. A zango na gaba ka nemi wani sabon ɗan kwamitin aikin ya rubuta kai ka duba masa, musamman wanda ba daga kamfanin asali yake ba.

Bayan zaman daraktoci ka koma shafin ka karanta tsokacin da aka bari a ƙasan rahotonku. Idan tambaya ce, ka amsa ta a fili cikin makon. Sannan ka kwafe ta ka sa a saman sabon fayil ɗinka, tare da abubuwa ukun da kuka ce sun rage, domin su ne farkon abin da mai duba rahoto na gaba zai nema.